POI ya fitar da Excel a ƙarshe, ashe commons-io ne ya riƙe shi

Alhamdulillahi, maɓallin sauke rahoto ya fara fitar da fayil ɗin Excel daga Tomcat 9, sabar da ke gudanar da manhajojin yanar gizo na Java. 'Yan uwa masu shirin cusa Apache POI (laburaren Java na ƙirƙirar fayilolin Excel) cikin WAR (kunshin manhajar da ake ɗora wa Tomcat), ga inda abin ya cije, kada ku ɓata yini a wuri ɗaya.

Tsarin ba baƙo ba ne: Maven (mai gina manhaja da jawo laburarenta), Java 17, commons-fileupload 1.5 yana cikin pom.xml (fayil ɗin da ake jera wa Maven laburare) tuntuni, sai aka ƙara poi-ooxml 5.2.5 a ƙasansa. `mvn package` ya wuce lafiya lau, WAR ya hau saba, shafuka na buɗewa. Ana danna maɓallin kuwa sai kuskuren 500. A catalina.out shiru. Bayanin yana cikin fayil ɗin localhost mai kwanan wata a foldar logs, can Tomcat ke zuba kuskuren da servlet bai kama ba: NoSuchMethodError a kan `UnsynchronizedByteArrayOutputStream.builder()`.

Ku lura da sunan kuskuren. Da ClassNotFoundException ne ko NoClassDefFoundError, sai mu ce jar ɗin, wato fayil ɗin laburaren, shi ne bai shiga kunshin ba. Wannan kuwa cewa yake jar ɗin na nan, amma ba sigar da ake nema ba ce. `builder()` ya shigo commons-io, laburaren da POI ke dogaro da shi, a 2.12.0 ne, POI 5.2.5 kuma da 2.15.0 aka gina shi. Da na buga `jar tf app.war | grep commons-io`, sai ga 2.11.0 zaune a WEB-INF/lib. Daga ina? `mvn dependency:tree -Dverbose -Dincludes=commons-io` ya tona asiri: fileupload 1.5 ne ya jawo ta. Ƙa'idar Maven ita ce wanda ya fi kusa da tushen bishiyar laburaren shi ke cin nasara, idan kuma zurfinsu ɗaya, wanda aka fara rubutawa a pom. Ba ya duban wace siga ce sabuwa ko kaɗan. Abin haushin, ba zai ce maka uffan ba lokacin gini, domin lambarka ba ta kiran `builder()` da kanta. POI ne ke kira, shi kuma a haɗe ya zo, sai an taɓa wannan layin a kan saba tukuna abin ya fashe.

Akwai gajerun hanyoyi biyu da ake yawan ba da shawararsu, duka ban yarda da su ba. Ta farko, a jefa commons-io-2.15.0.jar da hannu cikin webapps/app/WEB-INF/lib. To, tsohuwar tana nan ba ta tafi ba, jar biyu ke nan masu ɗauke da class masu suna ɗaya, kuma ƙa'idar Servlet ba ta fayyace wanda za a fara karantawa ba. Yana iya yi a kwamfutarka ya ƙi a saba. Ko ya yi ma, ranar da aka ɗora sabon WAR Tomcat zai share foldar ya sake warware ta, gyaran ya bi ruwa. An gudu ba a tsira ba.

Ta biyu, a saka sabuwar a foldar lib ta Tomcat kansa. Wannan ba ta ma motsa komai: manhajar yanar gizo tana fara duba WEB-INF/classes, sannan WEB-INF/lib, kafin ta leƙa lib ɗin gama-gari, don haka 2.11.0 ɗin ce dai za ta amsa. Ribar da ka samu kawai ita ce ka ɗora wa sauran manhajojin da ke kan sabar laburaren da ba su nema ba.

Gyaran gaskiya layi biyar ne: a `dependencyManagement` a ƙayyade commons-io a kan 2.15.0. Sauya jerin, wato a ɗaga POI sama da fileupload, shi ma yana aiki, amma gobe wani ya gyara pom ya mayar da ku gidan jiya ba tare da ya sani ba. Fileupload 1.5 bai yi gardama da sabuwar sigar ba, ɗora fayiloli na tafiya yadda yake. Bayan haka `mvn clean package`, a sake `jar tf`, a tabbatar guda ɗaya tak ta fito.

Ban tsaya nan ba, don ina son gani da idona. Na saka `-Xlog:class+load` cikin CATALINA_OPTS a bin/setenv.sh, na tayar da Tomcat, na danna maɓallin, sai layin ya nuna hanyar WEB-INF/lib/commons-io-2.15.0.jar. Ku cire shi da kun gama, yana cika log cikin ɗan lokaci.

Tunda kuna kallon jerin da `jar tf` ke fitarwa, ku duba ko javax.servlet-api ya lallaɓo ciki. Wurinsa `provided`, Tomcat na da nasa. POI kuma ba shi kaɗai ke zuwa ba: xmlbeans, poi-ooxml-lite, commons-compress da log4j-api duk suna biye da shi, WAR ya yi nauyi sosai, ɗora shi ta intanet mai rauni ya zama aikin haƙuri. Saura ƙorafin Log4j2 cewa bai sami inda zai zuba log ba. Tunda manhajar a kan SLF4J take, log4j-to-slf4j zan ƙara, da siga daidai da ta log4j-api ɗin da bishiyar ta nuna.