Kwandalar da ta fito da aibi daga gidan buga kuɗi

Yawancin masu tara sulalla lafiyayya suke nema, wadda ba tabo ba ƙwarzane. Ni kuwa wadda aka yi kuskure wajen buga ta ce ke ɗaukar hankalina, domin ita ce ke nuna maka yadda aikin yake tafiya a cikin masana'anta.

Ka ɗauki santi ɗaya na Amurka na 1955, wanda aka buga a Filadelfiya. Ko ba gilashin ƙara girma za ka ga shekarar da rubutun sun fito biyu-biyu. Mutane da yawa na zaton kwandalar ce aka doka sau biyu. A'a. Hatimin ƙarfen da ake buga ta da shi ne aka danna wa zane fiye da sau ɗaya, dannawa ta biyu ta ɗan goce. Saboda haka duk kwandalar da ta fito daga wannan hatimi ta gaji aibin iri ɗaya sak, kuma kimanin dubu 20 zuwa 24 ne suka shiga hannun jama'a.

A nan ne sabon shiga ke yawan ruɗewa, kuma abin yana damuna, don nan ake cutar mutane. Akwai wani ninki da ke faruwa idan hatimi ya yi lako-lako ya girgiza lokacin bugu. Sa gilashi ka karkata kwandalar zuwa haske: ninkin girgiza a baje yake, kamar matakalar bene, kuma yana cinye kaurin harafin. Na hatimi kuwa a tashe yake, da kumburinsa, har ka ga ƙarshen harafi ya rabu biyu. Ninkin girgiza ba shi da wata daraja a wurin masana. Haka ma kwandalar da mota ta taka ko aka sare ta da guduma, wannan lalacewa ce bayan ta bar masana'anta.

Wadda na fi so ita ce santi biyar na Amurka na 1937 daga Denba, mai hoton ɓauna. An goge hatimin ne fiye da kima, har ƙafar gaba guda ta ɓace, kofaton kaɗai ya rage a ƙasa. Hannun ma'aikaci ɗaya ke nan kake gani a jikin ƙarfe. Birtaniya ma ta yi nata a 2008: an sauya zane, shekarar ta koma gefen hoton Sarauniya, sai aka haɗa tsohon hatimin gaba da sabon na baya, pens 20 ta fito ba shekara ko ta ina.

Sai santi ɗaya na Amurka na 1943. A shekarar, yaƙi ya sa aka koma buga shi da baƙin ƙarfe mai rufin tutiya maimakon tagulla, amma 'yan ƙalilan sun faɗa kan ragowar tagulla. Jabun wannan santin tagulla ya fi na gaske yawa nesa ba kusa ba. Mayen ƙarfe na kama na baƙin ƙarfen da aka shafa wa jan ƙarfe, wasu kuma na kankare 8 ɗin 1948 ta koma 3. Na gaske giram 3.11 yake yi a sikeli.

Idan kuma ka yi dace da wata, don Allah kada ka wanke ta ko ka goge. Riƙe ta ta gefe, ka sa ta a leda marar danshi, ka nemi wanda ya fi ka sani ya duba.