Yadda balan-balan ya tona asirin bindigata

Ranar da na fara zargin bindigar iskar nan ban yi mata adalci ba. Tsakiyar Disamba ne. Da la'asar na cika ta da iska har allurar geji ta tsaya kan bar 200 (bar shi ne ma'aunin ƙarfin matsin iska), na kulle ta a akwatinta a ɗakin ajiyar abincin kaji na gonata da ke wajen Lamingo a Jos. Da na dawo bayan sallar asuba sai na tarar allura ta sauko kusa da 185, alhali ko harbi ɗaya ban yi ba. Nan take na ce shi ke nan, ta fara yoyo.

Ga wanda bai san irinta ba, ba wadda ake karya hancinta a ɗana sifirin ba ce. Tukunya ce da ita doguwa a ƙarƙashin hanci, ana ɗura mata iska da famfo, kowane harbi bawul ya saki kaɗan ya tura ɗan harsashin dalma mai milimita 5.5. Ɓeraye da gafiya nake kashewa da ita, don tun da guba ta kashe mini kyanwa na daina zuba ta kusa da kaji. Kuma kafin wani ya tambaya: dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta lissafa bindigar iska cikin waɗanda sai da lasisin 'yan sanda ake riƙewa. Mu mutanen Jos mun fi kowa sanin ba a wasa da wannan magana.

To, wannan saukar ta farko ba yoyo ba ne, sanyi ne. Iskar da aka matsa da famfo da zafinta take shiga, idan ta huce sai ƙarfinta ya ragu. Ga kuma hunturun Jos, garin da ke bisa tudu mai tsayin wajen mita 1,200. Lissafin ba shi da wuya: tukunyar da aka cika bar 200 a zafin digiri 30, idan dare ya kai ta digiri 10 za ta nuna wajen 187 ba tare da ko ɗigon iska ya fita ba. Da rana ta take, allurata ta ɗan hau da kanta, na ji kunya ni kaɗai.

Bayan mako uku kuma abin ya zo da gaske. Wannan karon na ɗauki biro ina rubuta lambar a bangon buhu kowace rana da azahar, lokaci ɗaya, don kada sanyi ya sake yi mini wayo. Litinin 200, Talata 170, Laraba 140. Sanyi ba ya cin bar 30 kullum bai mayar ba.

Har na kwaso sufana da alanki zan farke ta gaba ɗaya, sai Allah ya sa tayar motata ta sace a hanyar Bauchi, na tsaya wajen dattijon da ya daɗe yana yi mini faci. Ina zaune a benci ina ba shi labari, shi kuwa yana juya tayar cikin bahon ruwa a hankali. Bai ɗago ba ya ce, "Alhaji, ka taɓa ganin na ɓare taya ban ga kumfa ba?" Na ce a'a, Baba. Ya ce, "To."

Bindiga ba a tsoma ta a baho, sai dai a kai mata bahon inda take. Na raba ƙarfen da katakon, na cika tukunya, na kaɗa sabulun wanke kwanuka a murfin gora, na riƙa ɗiga shi da gashin kaza a duk inda ƙarfe biyu suka haɗu: gindin geji, bakin tukunya na gaba, na baya. Gindin geji na fi zargi, don nan ne yoyo ya fi son ɓuya, kuma gyaransa ya fi sauƙi. Na zuba ido minti goma, babu ko ƙwayar kumfa. Yoyon da ke cin bar 30 a yini ba ya huci, kunne ba ya jin sa, kumfarsa kuma ƙanana ce kamar ƙwan kifi, sai an yi haƙuri ta taru. Na goge sabulun tas, domin in aka bar shi tsatsa yake jawowa. Abu ɗaya da ban yi ba, kuma kada kowa ya yi, shi ne lalube da yatsa. Tayar mota bar 2 da ɗoriya take ɗauka, wannan kuwa ta ninka ta kusan sau 80, kuma iska mai wannan ƙarfi tana iya huda fata ta shiga jiki.

Saura ƙofa biyu da sabulu ba zai shiga ba, bai ma kamata ya shiga ba: bakin hanci, da ramin da ake ɗura iska. Na karɓi balan-balan biyu a hannun autana bisa alkawarin zan mayar. Ɗaya na sa a bakin hanci, ɗaya na rufe ramin ɗuri da shi, na ɗaure su da roba, na tafi na kwanta. Idan na hanci ya kumbura, babban bawul ne na harbi ba ya rufewa daidai, kuma wani lokaci harbi biyu ko uku babu harsashi kan fitar da dattin da ya maƙale masa. Da safe na hancin yana nan a yamushe. Na ramin ɗuri kuwa ya yi tulu-tulu kamar lemon taba.

Sai ga shi abin ya fito fili. A cikin ramin nan akwai ɗan bawul da bai fi ƙwayar masara ba, mai zoben roba guda ɗaya. Yana barin iska ta shiga, ƙarfin iskar cikin kuma ya danne shi ya hana ta fita. Ni kuwa kan tiyon famfona a ƙasa nake yar da shi, cikin ƙurar hunturu da garin dusa. Duk ranar da na cika bindiga, da hannuna nake tura mata yashi.

Kafin a taɓa kowane noti sai tukunya ta zama fanko. Wasu bindigogin suna da ɗan kusa na sace iska, tawa ba ta da shi, don haka na juya ta ga buhun yashi na yi ta harbi babu harsashi har ƙarar ta mutu, ya rage ƙas-ƙas ɗin ƙarfe kawai. Ko da allura ta kwanta a sifili ban amince mata ba, geji ma yana ƙarya. Na sassauta a hankali, rabin juyi, na saurara. Noti da ya yi tauri fiye da kima a irin wannan wuri, sau da yawa iska ce ke riƙe da shi.

Da na fito da bawul ɗin na duba da fitilar waya, ga ƙwayar yashi a maƙale, ga ɗan tsagu a jikin zoben kamar an ja masa reza. Da tsinken sakace na ciro shi. Allura ko bakin wuƙa idan suka karce mazaunin zoben, babu robar da za ta sake toshe wurin.

Neman madadinsa ya fi gyaran wahala. Na zagaya shagunan Dilimi a cikin Jos da tsohon zoben a ƙulle cikin leda, na samo wanda ido ya ce shi ne. Kwana biyu ya yi ya koma gidan jiya. Da na ciro shi ya taune a gefe, iska ta matse shi ta cusa shi cikin tsagin ƙarfe. Ashe bayan faɗin ciki da kauri, waɗanda sai da ma'aunin makanikai ake gane su, akwai tauri. Zoben da aka fi samu a kasuwa mai lamba 70 ne, wurin nan kuwa mai lamba 90 yake so. Ƙanena da ke Abuja ya yi mini odar cikakken saiti ta intanet, na jira mako biyu, ɓeraye suna biki.

A Dilimin ne kuma aka ba ni shawarwari biyu da har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi. Wani yaron shago, da kyakkyawar niyya, ya ce, "Oga, ka ɗan shafa masa baƙin mai, zai zauna." Wani kuma da ya ji ina kukan famfo ya ce in kai wa masu walda su cika mini daga tukunyarsu cikin minti ɗaya. Injin dizal ba shi da fulogi, matsa iska kawai yake yi har ta yi zafin da mai zai kama da kansa. Man fetur ko danginsa a cikin tukunya mai bar 200 wannan hanyar ya hau. Tukunyar masu walda kuwa iskar oksijin ce zalla, idan ta haɗu da maiƙo a wannan matsi, bam ne a hannunka. Giris ɗin silikon kaɗai ake shafa wa zoben, shi ma ɗan abin da zai sa roba ta yi sheƙi.

Da na haɗa komai na hau famfo, sai iska ta riƙa fita ta hanci, fuuu. Na ce inna lillahi, na ɓata wani abin. Ashe tukunyar da babu komai cikinta, sifirin gudumar da ke bugun babban bawul lokacin harbi yana tokare da bawul ɗin ya bar shi a buɗe. Na tabbatar babu harsashi, na ɗana ta, na yi ta bugu da sauri har bawul ya kama. Daga nan sai aikin ƙarfi, ina hutawa don famfo ya huce. Iskar Jos ma ba ta taimako, ta fi ta Legas sirantaka da fiye da kashi 10 cikin 100, kowane bugu abin da yake kamowa bai kai na can ba. Na rarrashi kaina da sojojin Austiriya na wajen 1780, waɗanda bindigarsu ta iska, ƙirar Girardoni, sai an yi mata bugu wajen 1,500 take cika.

Uwargida ta leƙo ta gan ni jiƙe da gumi cikin sanyin Janairu, ta ce, "Malam, duk don ɓera?" Ban iya amsawa ba, numfashi ya ƙare.

Lambobin da ke bangon buhu na makon da ya biyo baya su ne 196, 195, 197, 195. Kan tiyon yanzu a cikin kwalbar magani mai murfi yake kwana, ramin ɗuri kuma na toshe shi da marfinsa da na daɗe da jefawa a aljihun mota. Autana ya zo karɓar kayansa. Na hancin ya ɗauka, ya ce wancan ya saki, sai dai in biya shi.