Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Gonar Gindin Ɗorawa

A makon jiya na tsaya a rasuwar mahaifinmu. Ba a yi sadakar arba'in ba sai da maganar gonar gindin ɗorawa ta taso, gonar da kakanmu ya sare da hannunsa, wadda kuma ta faɗo a rabon mahaifinmu lokacin da aka raba gandu.

A farin 1984, da gero ya ƙone tun bai fitar da kai ba, mahaifinmu ya kwashe mu zuwa Kano, ya bar wa ƙanensa gonar aro a gaban mai unguwa, ba tare da rubutu ba, domin a wancan zamani neman takarda a wurin ɗan'uwa zargi ne. Kowace kaka Baffa yakan aiko mana da dami biyu na gero, kuma har yau ina ganin Inna tana kwance igiyar rama a tsakar gida tana sa masa albarka. Da ƙuruciya na ɗauka kyauta ce. Ashe galla ce, shaidar cewa gonar tana da mai ita. Da damin ya daina zuwa, kunya ta hana mahaifinmu tambaya, kuma wannan shirun shi ne ya fi yi mana illa.

Da na je ƙauye na durƙusa na ce, "Baffa, mun zo ne a kan amanar da ke hannunku." Bai ɗago kai ba ya ce, "Ɗana, wace amana? Shekara nawa ina zuba mata taki?" Da na zagaya gonar kuwa, sai na tarar an tumɓuke gambar da ke kan iyaka, an haɗe ta da tasa.

Dagaci ya yi zama uku bai samu sulhu ba, muka tafi gaban alƙali. Su Baffa suka kafe a kan hauzi, wato wanda ya shekara goma yana riƙe da fili mai shi yana gani bai yi magana ba, ya mallaka. Alƙali ya bayyana cewa a mazhabar Malikiyya wa'adin tsakanin dangi yana kaiwa shekara arba'in, kuma aro ba ya zama mallaka komai daɗewarsa, amma sai mun kawo shaidu cewa aro ne.

Mai unguwar ya rasu. Cikin waɗanda suka halarci zaman bayar da aron ba wanda ya rage sai Gwaggo, wadda uwarsu ɗaya da Baffa. Mako mai zuwa zan kawo yadda muka yi da ita.