Jadawalin da ban liƙa ba

Har yau in na wuce ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukumarmu sai na ji wani abu ya tokare mini ƙirji. A ɗakin nan na sa hannu kan yarjejeniyar albashi a madadin malaman firamare, a matsayina na sakataren ƙungiyarsu, ina murmushi har kunne.

Bayan Shugaba Tinubu ya sa hannu kan dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a Yulin 2024, ma'aikatan jiha suka fara ganin canji, mu kuwa shiru. Albashin malamin firamare daga kason ƙaramar hukuma yake fita, don haka kullum mu ne 'yan bora. Muka tafi yajin aiki. Zama na farko da na biyu ba abin faɗa, ruwan leda ne da "za a duba". A na uku ciyaman ya zo da kansa, ya yi kukan cewa hukuncin Kotun Ƙoli kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi bai kai aljihunsa ba tukuna, amma duk da haka ya amince da 70,000. Tafi muka yi.

Ana miƙo mini biro wani dattijon hedimasta ya ja hannun rigata. "Sakatare, ina jadawalin?" Na ce, "Baba, ai an amince." Ya ce shi ya ga 2008, lokacin da ƙungiyar malamai ta ƙasa, NUT, da gwamnoni suka yi yarjejeniyar ƙarin kashi 27.5 cikin ɗari a albashin malamai, wasu jihohin suka shafe shekaru ba su biya ba. A raina na ce tsoho da dogon zance. Na sa hannu.

To, mafi ƙarancin albashi na wanda ke ƙasan tsani ne. Mai takardar shaidar malanta ta NCE da ke mataki na 7, da hedimastan da ke na 14, rabonsu yana cikin jadawalin gyaran albashi, mataki bayan mataki. Takardarmu ba ta ambaci jadawali ba, ba ta faɗi watan farawa ba, ba kalmar ariyas ko ɗaya a ciki. Can ƙasa kuma ga wani layi siriri: "gwargwadon samuwar kuɗi". Na gan shi fa. Na ɗauka adon rubutun ofis ne.

Abin da ya fi ƙona mini rai, da hannuna na rubuta "mun janye yajin aiki" a sanarwa, maimakon "mun dakatar". Mai dakatarwa sandarsa na hannu. Wanda ya janye sai ya sake kiran taro, ya sake ba da wa'adi, ya sake lallashin mutanen da suka riga suka koma aji.

Ranar da alat ya shigo, wata malama mai shekara 22 tana koyarwa ta zo har gida, ta miƙo mini wayarta ba ta ce uffan ba. Ƙarin da ta samu ba zai sayi kwano biyu na shinkafa ba.

Wata biyar muka yi muna jelen ofis kafin jadawalin ya fito, ariyas kuwa ya bi ruwa. A zaman ƙarshe da sitefila na je. Na liƙa jadawalin a bayan yarjejeniyar, na ce, "Ranka ya daɗe, kowane shafi za a sa wa hannu." Ciyaman ya yi dariya, Baba hedimasta bai yi ba.