Taubashina na Kano zai zo Damagaram kwana uku, ga yadda na tsara masa

Shekaranjiya da dare taubashina na Kano, ɗan gwaggona, ya turo min saƙo ta WhatsApp wai ya samu hutun kwana uku zai zo Damagaram shi da amaryarsa, kuma har da jerin abin da yake so ya gani, wallahi sai da na ƙirga, abu goma sha huɗu. Fadar Sultan, ganuwa, kasuwa, Mirya, har matatar mai ta SORAZ wai a kai shi ya ɗauki hoto. Na ce bawan Allah kai yawon buɗe ido za ka zo ko ƙidayar jama'a? Ya ce ai garin naku duka bai kai unguwa ɗaya ta Kano ba, yini guda ya isa. To na bar shi da wannan, tsakaninmu ne, amma tsarin dai ni zan yi.

Abu na farko da na gyara masa ranar zuwa. Shi Juma'a da yamma ya so ya taso ya koma Lahadi, na ce a'a, ka shigo Laraba. Dalili kuwa Alhamis ce babbar ranar kasuwa a garin nan, ranar ce mutanen ƙauyuka suke shigowa da amalanke da dabbobi da tabarmi da tukwane, Fulani da nono, Buzaye da cuku, kasuwar Dole ta cika ta batse. Wanda ya zo Asabar zai ga rumfuna ne kawai. Hanya ba wani nisa, daga Kano wajen kilomita 240 ne in ka biyo ta Daura ka tsallaka iyaka a Ɗan Barto ka wuce Matamai, amma kar a yi lissafin awa da kilomita don tsaye-tsayen hanya su ke cin lokaci, na ce ya fito da asuba, kowa da katin shaidarsa a aljihu. Kuma ya yi sa'ar lokaci, yanzu hunturu ne. Da a watan 4 ko na 5 ya ce zai zo da na ce ya zauna gidansu, lokacin zafi yana wuce digiri 40, ba mai kallon bango a wannan rana.

Kuɗi ma sai da muka yi darasi. Nan sefa muke kashewa kuma da dala muke ƙirga, dala ɗaya sefa 5 ce, in ɗan kabu-kabu ya ce maka dala ashirin to 100 yake nufi, jika kuma 1000. Bakano duk wayonsa a ciniki nan yake rikicewa, na taɓa ganin wani baƙo yana ta gardama da mai shayi alhali shi ne yake ƙara wa kansa kuɗi bai sani ba.

To Alhamis. Kafin kasuwa ta ci, tun bakwai na safe zan shiga da su Birni a ƙasa, ba mota ba babur, don lungunan ba su son haka kuma abin kallon a sama yake, sai kana tafe a hankali kana ɗaga kai. Damagaram kashi uku ce in za a faɗa a gajarce: Birni inda fada da tsohon masallaci suke, Zango inda ayarin raƙuma suke sauka a da, fatake da Buzaye suka yi gidaje, sai Sabon Gari da ya taso tsakani daga baya. Gidajen da nake so su gani na ƙasa ne, an ɗora su da tubali irin mai kan nan kamar ƙwai wanda ake mulmulawa da hannu a shanya a rana, rufi da azara ta giginya saboda gara ba ta cika cin ta ba, a kusurwa ga zankwaye sun miƙe, ga indararo ya leƙo don ruwan damina kar ya zauna a soro. Amma abin da ya sa nake alfahari da namu shi ne fuskar zaure. Magini yana zana adon ne tun yaɓen yana ɗanye, ya fito da shi tudu-tudu, dagi, da'ira, takobi, wani ma har keke ko mota zaka gani in ka lura, sannan a bi da launi. Mai gida yana faɗa wa duk mai wucewa ko shi wane ne tun daga ƙofa ba sai ya yi magana ba. Na san taubashina zai ce ai akwai irinsu a Kano da Zariya, eh akwai, ban musa ba, amma ya zo ya ga yadda namu suke jingine da manyan duwatsun nan da suke tsakiyar unguwa, wani gidan dutse ne bangonsa na baya.

Abin da ke ɓata min rai kuma ba zan ɓoye masa ba, da yawa suna zubewa. Ginin ƙasa yana son yaɓe akai-akai, in aka yi damina biyu uku ba a taɓa shi ba sai ka ga fuskar ta fara narkewa, magada kuma kowa so yake ya rushe ya sa bulo da kwano, wanda da rana ɗakin kamar tanda. Tun 2006 aka sa tsohon garin a jerin jiran shiga wuraren tarihi na duniya na hukumar UNESCO, Agadas ta shiga jerin gaske a 2013, mu har yau muna layi. Shi ya sa nake son ya ɗauki hoto da yawa, amma fa da sallama, gidajen nan da mutane a ciki, ba a ɗaga waya a kan zauren mutum ba a gaisa da dattijon da ke zaune ba.

A Birnin akwai gidan da Bajamushen matafiyin nan Barth ya sauka a ƙarshen 1852, zan nuna musu mu wuce, ba wani abu ba ne mai ɗaukar lokaci.

Daga sha ɗaya sai kasuwa, mu leƙa wajen dukawa amarya ta zaɓi jaka da takalmin fata don aikin fata dai an san mu da shi, azahar ta yi mana a gida. Daga azahar zuwa la'asar ban rubuta komai a takardar ba, kuma da gangan ne. Hura da nono mai kauri (su fura suke cewa, zai yi min dariya, na shirya), a kwanta. Duk wanda ya cusa wani abu a wannan tsakani bai san garin ba.

Fada na ajiye ta Juma'a. Ginin yana komawa zamanin Sarki Tanimu wanda ya rasu a 1884, shi ne ya ƙarfafa ganuwa har ya sa aka ƙera igwa a garin nan, kuma lokacinsa ne Damagaram ta yi ƙarfin da ake ba da labari. Ba a faɗawa ciki kai tsaye, dogarai zaka fara gaisarwa, ka cire takalmi inda aka ce ka cire, ka kuma riƙe ɗan goro na wanda ya zagaya da kai. Na zaɓi Juma'a ne saboda ƙofar fada tana cika wajen sallah, ga dogarai cikin ja da kore, ga masallaci nan kusa. A nan ne zan tuna wa taubashina cewa zamanin Sarkin Kano Alu dakarun Damagaram sun taka har kusa da garinsu, ya ce min me ya gani. Da la'asar kuma mu tsaya daga nesa mu hangi barikin da Faransawa suka gina a kan dutse. Kyaftin ɗinsu Kazmaju an kashe shi a nan a 1898 lokacin Sarki Amadu Kuren Daga, shekara ta zagayo 1899 suka dawo suka ci garin, kuma nan ne babban birnin Nijar har 1926 da aka mayar Yamai. Wurin sojoji ne, na riga na gaya masa waya ta zauna aljihu.

Abinci kuwa ban sa gidan cin abinci ko ɗaya ba. Safe shayi da dogon burodin nan namu da cuku, ko waina in Inna ta tashi da ƙarfinta. Rana dambu da zogale. Dare tuwon gero miyar kuka da man shanu, bayan isha mu fita bakin gudiro, wato kwalta, wajen masu balangu, daga nan in kai shi fadarmu ta samari, wato majalisar hirarmu, ya sha shayi kofi uku ya ji yadda ake gardamar kokawa. Tsaraba kuma biyu ce ba ta uku, kilishi da alkaki, kuma Asabar da safe za a saya ba ranar zuwa ba, in ba haka ba a ɗaki za su cinye. Mirya na cire, kilomita 18 ce kawai amma kasuwarta Lahadi ce, in yana so ya ƙara kwana. SORAZ kuwa ko amsa ban ba shi ba.

Saura rigima ɗaya, masauki. Shi otel yake so wai kar a takura wa amarya, Inna ta ce ɗan ƙanwar mijinta ba zai kwana otel a garin kakanninsa ba tana raye, har ta sa an share ɗakin soro an shimfiɗa sabuwar tabarma. Ni abin da ya dame ni ruwa ne, kowa ya san halin Damagaram, famfo sai ya ga dama, yau kwana biyu ko ɗigo babu a layinmu. Na riga na yi magana da ɗan garuwa zai cika mana duro biyu ranar Talata da yamma, taubashin nawa kuma ban gaya masa ba tukuna, bari ya tsallako Ɗan Barto.