Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a kan ƙanina

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdulillah ƙanina ya gama wa'adinsa a gidan gyaran hali ya dawo gida lafiya, kuma tunda ya dawo waya ba ta huta ba, masu barka da arziki har na rasa wa na amsa wa, wa na bari, shi ya sa na ce bari in rubuta a nan kowa ya gani. Mun gode, Allah ya bar zumunci.

Laifi dai ya yi shi, ba mu taɓa musu ba. Ranar da aka ce an mayar da shi gonar gidan gyaran hali Inna kwana ta yi tana kuka, a zatonta bauta za a sa shi a rana har ya faɗi. Kuma ba ta yi ƙarya ba, akwai wuraren da haka abin yake, a kora mutum gona don a wahalar da shi kawai. Allah ya sa shi ya faɗa hannun mutanen kirki.

Babbar godiyata ga malamin gonar nan, bawan Allah da ko sunansa ba zai so in kama ba. Shi ya ware masa fangali ya ce naka ne, in ya mutu kai ne, in ya rayu kai ne. Ya koya masa renon iri, da yin dashe da yamma kar rana ta kashe shi, da haɗa taki a riƙa juya shi har zafinsa ya fita don ɗanyen taki ƙona saiwa yake, sannan kiwon kaji, rigakafi a kan lokaci da ware mara lafiya tun kafin ta shafa wa sauran. Yaron da a da sai azahar yake tashi, abokai da shaye-shaye sun cinye shi, wai shi ne yake ba ni labarin yadda ya kasa barci saboda kaza ɗaya ta ƙi cin abinci. Wallahi dariya na yi har da hawaye.

Gandirobobin da suke kiransa da sunansa ba da tsawa ba, ku ma Allah ya saka muku. Ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, waɗanda aka sa wa sunan Nelson Mandela, cewa suka yi aikin fursuna kar ya zama azaba, ya zama abin da zai ci halal da shi in ya fito, kuma a biya shi. Shi kansa Mandela ai lambu ya yi lokacin da yake ɗaure a tsibirin Robben, da aka kai shi gidan yarin Pollsmoor ma ya ci gaba da shuka a saman gini cikin duro da aka raba biyu.

Kawu, ban san da wane baki zan gode maka ba. Kai ka ba shi gefen gonarka tun kafin ya roƙa, lokacin da wasu ke ɓoye wayarsu in ya shigo ɗaki. In da ya fito bai samu inda zai kafa fartanya ba, tsoffin abokan nan suna nan suna jira, mun sani. Haka maƙwabcinmu da ya ara masa injin ban ruwa, Allah ya buɗa maka.

Roƙona ɗaya, don Allah a daina ce masa tsohon fursuna ko da wasa ne, yana jin zafinta. Waɗanda suke ciki har yanzu Allah ya fito da su lafiya. Masu son zuwa gaishe shi kuma ku bari sai bayan magariba, da safe ba za ku same shi ba, yana gona.