Juya ganye kafin ka ɗauko injin feshi

Sana'ata gina fangali mai tudu a gidajen mutane, na bulo ko na katako, in zuba ƙasa da ruɓaɓɓen taki, in kuma ci gaba da kula da shukar. Daga Malali zuwa Barnawa akwai gidajen da latas da kabejin da suke ci daga hannuna suka fito, kuma ina alfahari da hakan.

A lambun Baba na koya, a bakin kogin Kaduna. Da sassafe zai tsuguna ya juya ganyen kabeji ya ce, "Kai, zo ka gani." Darɓa ce ta yi cincirindo a ƙasan ganyen, ga kiyashi na hawa da sauka suna lasar zaƙin da take fitarwa. Har yau in na ga layin kiyashi a jikin kara, na san abin da zan tarar.

Fangali mai tudu yana sauƙaƙa wannan dubawar, hannunka na kai ko'ina. Tsutsar kabeji da hannu nake tsince ta. Taki kuwa sai na tankaɗe shi saboda gwazarma. Darɓa da farin ƙuda, 'ya'yan darbejiya nake daka musu, giram 50 a litar ruwa, su kwana a jiƙe, in tace da ƙyalle, in sa ɗan sabulu don ya kama ganye. Da yamma ake fesawa, rana tana kashe ƙarfinsa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu yawo da injin feshi suna karya farashi. Fiya-fiya suke zubawa a kan latas, abin da yara za su ci ɗanye! Wata Hajiya ta ce kuɗina ya yi yawa, ta kira ɗaya daga cikinsu. Da na koma, ganye ya babbake, ko ƙudan zuma ɗaya babu a furen kokwambarta.

Sharon ce kaɗai nake shakka, ƙwarin tumatir ɗin nan da ake kira Tuta absoluta, wadda ta cinye tumatir a 2016 har gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir. Tsutsarta cikin ganye take shigewa, feshi bai cika isa gare ta ba. Shi ya sa nake rufe rainon tumatir da raga tun yana ƙarami, ganyen da ya yi farin tabo kuma in tsinke in ƙone shi a ranar.